Masu Dawowa daga Garin Karaya

Wanda ya taya ɗan'uwansa ɓoye ciwo, taimakonsa ya yi ko cutarsa? Na juya tambayar nan a cikin bas, na juya ta a kan gado, har na tare wani malami ɗan Sudan da ita bayan sallar Juma'a. Ya ce mini ya danganta. Ni ma na san ya danganta. Abin da ya danganta da shi ne ban sani ba.

Aikina tura keke ne a filin jirgin Doha, keken marasa lafiya. Jirgi ya sauka, mu tsaya a bakin ƙofarsa da kekunanmu, mu ɗauki wanda ba ya iya tafiya mu kai shi inda zai hau wani jirgin ko inda mota ke jiransa. Yawancin shekara tsofaffi ne, da masu dawowa daga asibitocin waje. Waɗannan ba ni da magana a kansu. Amma daga Disamba zuwa Maris akwai wasu irin majinyata da jiragen Turai ke sauke mana, kuma su ne suka hana ni ganin girman masu arziki har abada.

Daga wani gari suke zuwa, can cikin duwatsun Alps. Garuruwan suna da yawa, amma akwai guda da ya fi aiko mana da kaya. Sunansa ba ya zama a harshen Bahaushe, don haka muka raɗa masa Garin Karaya. Ban taɓa ganinsa ba. A aji uku na sakandare karatuna ya tsaya, sauran kuwa tsintarsa na yi a littattafan gwanjo da waya, kuma haka na tsinci garin nan, daga mujallun da fasinjoji ke mantawa a aljihun keke. Da can ƙauyen makiyaya ne. In sanyi ya shigo sai su kulle kansu da shanunsu a ɗaki, suna roƙon Allah ya kawo ƙarshen dusar ƙanƙara. Sai wasu suka zo daga birane suka ce abin da kuke gudu shi muke so. Yanzu an rataya akwatuna a jikin waya, su ɗauki mutum su kai shi ƙololuwar dutse. Ya ɗaura katako biyu a ƙafa ya zamo ƙasa. Ya shiga layi, a sake kai shi sama, ya sake zamowa. Ba ya sauko da komai daga can, ko itacen girki. A gindin dutsen kuma an gina asibitin ƙashi, da helikwafta a ajiye, domin mutanen garin sun san abin da suke sayarwa.

Su ne muke karɓa. Ƙafa a miƙe cikin siminti, simintin cike da sa hannun abokai da zanen zuciya. Kafin ka kai su lif sun ba ka labarin faɗuwar sau biyu, da sunan gangaren, da gudun da suke yi lokacin. Ban taɓa ganin mutum yana alfahari da karaya ba sai a cikinsu.

Muttaka abokin ɗakina ne, mutumin Funtuwa, kuma tare muke aikin safe. A farkon Janairu ya murɗe gwiwar dama a ƙwallon Juma'a, a filin yashin da ke bayan masaukinmu. Ina gefe ina kallo. Ba wanda ya taɓa shi. Ya juya ne zai bi ƙwallo, ƙafar ta ƙi binsa. Kashegari gwiwar ta yi kamar ƙwarya.

A ƙarshen Maris kwantiraginsa zai ƙare, kuma kafin a sabunta sai an duba lafiyar mutum. Kamfaninmu ƙafafu yake haya. Mai turin keken da ba ya iya tafiya ba shi da abin da zai sayar musu, balle wanda ya jawo wa kansa ciwon a wurin wasa. Muttaka yana da mata da 'ya'ya uku a gida, da uwa mai ciwon suga. Ya ce in gwiwar ta kai Maris za ta lafa. Ya sa na yi masa alkawarin ba zan gaya wa kowa ba, ni kuma na yi.

Dabarar da ya samo ita ce keken kansa. Mai turi yana riƙe da hannuwa biyu, kuma in ya san yadda zai yi, sai ya sauke nauyinsa a kansu ya riƙa jan ƙafar a baya, ba wanda zai ga ɗingishi. Sai dai keken da ba kowa a ciki ba ya ɗaukar wannan. Kana danna shi gabansa zai ɗaga. Tsohuwa marar nauyi ma haka. Yana bukatar ƙato. Don haka muka shirya: a bakin ƙofar jirgi ni zan riƙa ɗaukar tsofaffi da ramammu, in bar masa masu jiki. Mutanen Garin Karaya kuwa sun sha cuku da nama mako guda, ga siminti, ga jaka a cinya. Muttaka yana kiransu sandunansa.

Haka na wayi gari ina raina mutanen nan da baki, ina kuma addu'ar Allah ya sauko mana da mai ƙiba a cikinsu.

Wata safiya a cikin Fabrairu na same shi a ɗakin ajiye kekuna, ya naɗe wando yana sake ɗaure gwiwar da bandeji. Ya shafe ta da man kaɗanya har tana ƙyalli. Kumburin ya sauko zuwa ƙwauri.

Na jawo keke ɗaya na ajiye a gabansa. Na ce, “Zauna in kai ka kilinik. Minti biyar ne.”

Ya ce, “Shehi, ka fara wa'azin da sassafe?” Shehi yake kirana saboda littattafan.

“Ba wa'azi ba ne. Dubi ƙafarka.”

“Na gan ta. Tawa ce.”

“In ta lalace fa gaba ɗaya?”

“In ta lalace a Afrilu, da sabon kwantiragi a hannuna za ta lalace.” Ya ja bandejin da haƙori ya ɗaure. “Ka ɗauke mini wannan abin daga gabana. Ban bar Funtuwa don a tura ni ba. Ranar da ka gan ni a cikin keken nan, to gawata ce, ka yi mini salati.”

“Gawa ba a keke ake ɗaukarta ba.”

“Ka ga irinta ko? Mutum na fama da ƙafa, kai kana gyara masa magana.”

Na mayar da keken. Na gaya wa kaina cewa alkawari alkawari ne, kuma mutum baligi shi ke da iko da gwiwarsa. Na iya irin waɗannan maganganun sosai. Suna zuwa mini da sauƙi duk lokacin da nake son in bar abu yadda yake.

Ranar da abin ya faru, Talata ce a farkon Maris, wajen ƙarfe bakwai na safe. Yussif, shugaban aikinmu, mutumin Kumasi ne daga zango, ya kira mu a oba-oba ya ce keke biyu, jirgin Zurich, masu wucewa Abuja. Muka tsaya a bakin ƙofa. Da fasinjoji suka ragu sai ga wani mutum ya fito yana dogara sanduna biyu, cikin jar rigar sanyi mai kumburi, da tabarau irin na masu walda a goshi. Ƙafarsa ta hagu cikin siminti daga yatsu zuwa ƙwauri. Nauyinsa zai yi buhu biyu na masara. Muttaka ya dube ni, na ga godiya ga Allah a idonsa.

Mutumin ya karanta sunan da ke ƙirjin Muttaka. Ya ce, “A'a, 'yan gida ne. Daga ina?”

“Funtuwa, ranka ya daɗe.”

“Madalla. Alhaji Bello.” Ya faɗi sunan kamar wanda ya miƙa kyauta, ya zube cikin keken har ya yi ƙara.

Matarsa na biye da shi da jakunkuna uku da wata hular kwano. Na gyara mata nawa keken. Ta dube shi, ta dubi mijin.

“Abban Ikilima, har da ni ka rubuta?”

“Kyauta ne, Hajiya. Kuma ba a bin layi.”

“Ƙafafuna lafiyarsu ƙalau.” Ta jibga jakunkunan a kan keken, ta ɗora hular a sama. “Malam, tura waɗannan. Su ne suka gaji.”

Muka kama hanya. Daga can zuwa ɗakin hutun manya tafiya ce mai tsawo, kuma Alhaji bai ɓata ko taku ɗaya ba. Ya ba mu labarin garin. Ya ce iskar can ma daban take, in ka shaƙa kamar an wanke maka ƙirji. Ya ce gidajen duk na katako ne, titi ba ko tsinke, kuma in rana ta faɗo a kan dutsen sai ka rantse zinariya aka zuba.

“Ku da kuke nan kusa ya kamata ku leƙa,” in ji shi. “Mutum ya ga duniya. Matsalar mutanenmu ke nan, ba ma fita.”

Muttaka ya ce, “Gaskiya ne, ranka ya daɗe.” Gumi ya jiƙa masa wuyan riga duk da sanyin na'ura. Ina jin yadda takalminsa na dama ke gogar ƙasa.

“Wannan karayar da kuke gani, a baƙin gangare na same ta. Kala-kala ne, ka gane. Akwai shuɗi na koyo, akwai ja, akwai baƙi na ƙwararru. Bature ma sai ya yi shekaru kafin ya hau baƙi.”

Hajiya ta ce, “Baƙin me?”

“Hajiya.”

“Tambaya na yi. Ni dai dandamalin ƙofar shagon hayar kayan zamiyar da na gani toka-toka ne.” Ta juyo gare ni. “Malam, ranar farko ce. An ba shi takalman hayar, ya ce sai ya fita waje an ɗauke shi hoto. Taku uku. Ko akwatin hawan bai shiga ba. Kwana shida muna ɗakin otal yana kallon dutsen ta taga, ni ina dafa masa shayi.”

“Ƙanƙara ce a wurin.”

“Ƙanƙara ce a garin gaba ɗaya, Abban Ikilima. Ita ka je gani.”

Alhaji ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce mata ba su san wasanni ba. Ni kuwa na ji daɗi har cikin raina, irin daɗin da mutum ke ji in duniya ta tabbatar masa da abin da ya daɗe yana faɗa. Ina cikin jin daɗin nan ban lura Muttaka ya rage sauri ba.

A tsakiyar shagunan akwai wani babban allon talla na agogo, tsayinsa ya kai rufi. Hoton dutse ne fari fat, sama shuɗiya, da wani mutum yana zamowa ƙanƙara na tashi a bayansa. Alhaji ya ɗaga hannu.

“Tsaya nan. Ai ga shi. Wallahi kamar dutsen namu ne.”

Muttaka ya tsaya. Na ga ya sauke numfashi, ya kwantar da dukan nauyinsa a hannuwan keken, ya ɗage ƙafar dama daga ƙasa don ta huta. Haka yake yi duk inda aka tsaya. Alhaji ya miƙa wa Hajiya waya, ya sauko da tabaransa kan ido.

“Ki ɗauka daga ƙugu zuwa sama. Kada keken ya fito.”

Bai ce zai tashi ba. Irinsu ba sa gaya wa mai turi komai, kamar yadda ba a gaya wa kujera. Ya kafa sandunansa ya yunƙura, kuma ga mai karaya ya tashi da sauri ƙwarai. Keken ya zama fanko a ƙarƙashin mutumin da ya jingina rayuwarsa a kai. Gabansa ya ɗaga, ƙafafun baya suka zame, Muttaka ya sauke ƙafar dama don ya tare kansa. Na ji ƙarar gwiwar daga inda nake. Bai yi ihu ba. Ya faɗi a gefe, keken ya kife a kansa.

Na ɗage keken. Kafin in kama shi ya riga ya ja jiki zuwa wani ginshiƙi, ya miƙe a ƙafa ɗaya, yana murmushi wa mutanen da suka tsaya kallo. Leɓensa ya yi fari.

Alhaji ya ɗage tabarau. Ya ce, “Subhanallahi. Yaron nan bai iya aikin ba ne?”

Hajiya ba ta ko dube shi ba. Ta ce, “Ɗana, ƙafar nan ba yau ta fara ba. Tun daga ƙofar jirgi nake jin tana jan ƙasa.”

“Santsi ne, Hajiya.”

“Na yi jinyar mai santsi kwana shida. Na san kamanninsa.”

Na hango Yussif yana tahowa da sauri, oba-oba a hannu. Wani mai gadi ne ya kira shi. A daidai nan wata dabara ta faɗo mini, cikakkiya, kamar dama tana jira. Na matsa kusa da kunnen Muttaka.

Na ce, “Ka ce yanzu ta faru. Ga kyamara, ga shaidu. Fasinja ya tashi bai faɗa ba. Ciwon bakin aiki ne, dole su yi maka magani, kuma ba za su sallame ka a kansa ba.”

Ya juyo ya dube ni. Shekara biyu yana jin ina yanka wa mutane hukunci daga kan gadona, manya da ƙanana, wanda ya yi ƙarya da wanda ya yi shiru.

Ya ce, “Kai ne kuwa, Shehi?”

“Rabinta gaskiya ce.”

“Wane rabin?”

Sai ga Yussif ya iso. Ya dubi keken, ya dubi Alhaji da ke tsaye a gaban dutsen takarda, ya dubi Muttaka.

“Mi ya faru?”

Alhaji ya fara bayani. Ya ce shi dai ya tashi ne kawai, kuma a can inda ya fito ma'aikata sun san aikinsu, ba a taɓa kifar da keke a gabansa ba. Yussif ya ce masa, “Sorry, sir, one minute,” da irin ladabin da ke rufe baki. Ya koma kan Muttaka.

“Ƙafanka lafiya?”

“Lafiya lau, Oga.”

“To. Taka zuwa wurin bola can ka dawo. In ka dawo, khalas, shi ke nan, ka ɗauki fasinjanka ku tafi.”

Kwandon sharar bai fi taku goma ba. Muttaka ya dube shi. Na san lissafin da yake yi, domin ni ma shi nake yi: taku goma zuwa, goma dawowa, ba keke, ba bango, sannan mako uku kafin ƙarshen wata. Ya saki ginshiƙin. Ya sauke ƙafar dama a hankali har tafin ya taɓa ƙasa, ya ɗan ba ta nauyi. Jijiyar wuyansa ta tashi. Ya sake kama ginshiƙin.

Yussif ya rage murya. “Zan rubuta ripot. Abin da ka gaya mini shi zan rubuta, ban ƙara ban rage. Yau ya fara?”

Ga ƙofar a buɗe, Yussif da kansa ya buɗe ta. Na kafa wa Muttaka ido. Hajiya ta san gaskiya, amma jirginta zai tashi nan da awa uku, kuma ban ga alamar za ta tona shi ba. Alhaji kuwa ko sunan Muttaka ya riga ya manta.

Muttaka ya ce, “Tun Janairu ne. A ƙwallo.”

Yussif ya ce, “Ka san ofis. Ban iya yi maka alkawali.”

“Na sani.”

“Zan ce kana da ƙoƙari. Wannan ma gaskiya ne.” Ya juyo gare ni. “Kai kuma Garzali, ɗaki ɗaya kuke. Ba ka gani ba?”

Na ce na gani.

“Wata biyu.”

Na ce wata biyu.

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya ɗaga oba-oba ya kira wani ya zo ya karɓi Alhaji.

Alhaji ya ce, “To ni yanzu tsayuwa zan yi ta yi? Ina da karaya fa.”

Hajiya ta ce, “Ka tsaya wa hoto, ka tsaya wa wannan.” Ta zo wurin kekena ta fara sauke jakunkunan ɗaya bayan ɗaya, ta ajiye su a gaban mijinta, ta ɗora masa hular kwanon a kai don hannunta ya huta. Ta kakkaɓe mazaunin da gefen mayafinta, ta tura keken har gaban Muttaka.

“Bismillah, ɗana.”

Ma'aikaci ba ya zama a keken fasinja. Doka ce, kuma mutane sun taru, har da masu shara 'yan ƙasarmu biyu da suka tsaya da tsintsiyarsu. Muttaka ya dubi Yussif. Yussif ya ce, “Yalla, zauna a kai ka kilinik.”

Na taka birki, na riƙe hannuwan da kyau. Ya juya a ƙafa ɗaya, ya kama madogaran, ya sauka a hankali har ya zauna. Na durƙusa na ɗago masa ƙafar na ɗora a matakin. Ta yi zafi kamar an ciro ta daga wuta.

Ya ce, “Ka bi ta bayan shaguna, Shehi. Kuma kada ka yi mini magana a hanya.”

Na saki birki na tura.